Koba Ta Ƙi Mutuwa a Gida

"Ku ɗaga ni a hankali, marasa mutunci! An ce muku buhun garin masara ce ni?"

Koba ke nan take zazzaga mana masifa, ni na riƙe ƙafafunta, ɗanta Dabe ya tallabe kafaɗu, muna kokawar ɗora ta a kan amalanken jaki. Gaskiya buhun gari ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Tari ya gama cinye ta tun damina, ba abin da ya rage sai ƙashi da baki. To amma bakin nan kam yana nan daram.

"Yaya, ina bargona? Ina lofena? Ke dai tun zuwanki duniya na farko ba ki iya shirya kaya ba."

Ni ce Yayar. Sunana Baqu, sunan yayarta da ta mutu tun ba a haife ni ba. Tun ranar da na kafa bukkata kusa da tata a garinmu Rijiyar Giwa ta maishe ni yayarta, ta kuma ɗora mini duk laifuffukan waccan. Matar da ta isa ta haifi uwata! Dabe ma, da ya girme ni, da furfurarsa da komai, Iya yake ce mini dole.

"Ga lofenki nan a cinyarki, makauniya," na ce da ita. "In kin ƙara magana zan ɗaure ki tare da tukwane."

"Kun ji ta ko? Haka take yi mini tun muna yara."

Aka kwashe da dariya. Garin duk ya fito, ba wanda ya tafi tonon saiwoyi, ba wanda ya tafi duba tarko. Wannan ta kawo ƙwayar itacen mangeti, mai kama da gyaɗa, cikin tafin hannu, waccan ta kawo sukari a ƙullin leda, wani tsoho ya kawo tabar da yake ɓoyewa har daga matarsa. Karnuka na haushi, jakuna na kuka, kowa na ba Dabe shawarar yadda zai ɗaure jarkar ruwa, kuma ba bakin da ya zo ɗaya da wani. Wanda bai sani ba sai ya ce biki za mu. Ba wanda ya yi kuka, don Koba ta riga ta rantse cewa duk wanda ta ga hawayensa shi za ta fara dawowa ta ja wa ƙafa.

Mutuwa za mu kai ta ta yi, kuma makaranta ce ta fitar da mu.

Mu ƙabilar Ju'hoansi, maharban daji, ba ma zama inda mutum ya mutu. A binne shi, a rushe bukkarsa, kowa ya ɗaure kayansa. Ba ƙiyayya ba ce. Mamaci kewa yake yi, in ya ga nasa a kusa sai ya riƙa jansu ɗaya bayan ɗaya, kuma yara ya fi ja. A da tashi ba wani abu ba ne, ciyawa da itace suna ko'ina. To yanzu ga makaranta mai rufin kwano da ginshiƙai a cikin siminti. Wa zai ɗaure ta a bayan jaki?

Mun taɓa ɗanɗana. A tsohon mazauninmu an ba mu malami da tanti, sai wani dattijo ya mutu, muka watse, wasu wajen surukai, wasu wajen dangin uwa. Da masu ƙirga kawunan yara suka zo daga babban gari suka tarar da malami shi kaɗai da akuya, suka naɗe tantin suka tafi da abinsu. Aka zo da farar mota aka kwashe yaranmu zuwa makarantar kwana. Can ba mai jin harshenmu, in yaro ya buɗe baki a yi masa dariya. Sai suka gudo da ƙafa ta daji. Babbar 'yar Dabe tana cikinsu, ko da aka bi sawu aka same su harshenta ya kumbura don ƙishi. Ta rayu, yanzu har ta yi goyo, amma in ta hango farar mota sai ta shige daji.

Koba ce ta addabi duniya har aka sake ba mu wata makarantar. Ta je babban gari ta zauna a ƙofar ofishi tana busa musu hayaƙin taba, har suka gaji da ganinta. Aka turo mana Malam Kumsa, ɗanmu ne, da harshenmu yake koyarwa. Yaro ya kwana a gindin wutar uwarsa, ya tashi ya sha kunu ya tafi aji. 'Yan ajin sama har sun fara karanta mana abin da ke jikin kwalbar magani. Masu ƙirga kawuna kuwa za su zo kafin ruwan farko, kuma sun faɗa ba ɓoye-ɓoye: in suka tarar da benci babu kowa, su ɗauke Malam su kai shi inda ake so.

Kwana biyu kafin tafiyar, da la'asar, da numfashi ya fara yi wa Koba wuya, ta sa aka tara mata mutane a ƙofar bukka. Malam Kumsa ya durƙusa a gabanta da alli har a gashin gira.

"Kaka, ki kwantar da hankalinki. Zamani ya canza. Na bi gida-gida, kowa ya yi alkawari ba zai tashi ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya.

"Alkawari! Yaro, ka yi karatu amma ba ka karanci mutanenka ba. Ɗan farko da ya yi atishawa bayan an binne ni, uwarsa za ta ce ni ce. Kafin wata ya mutu ko kare ba za ka gani a garin nan ba. Yaya, ƙarya na yi?"

Na sunkuyar da kai. Matan da ke zaune duk suka sunkuyar da kai, don kowace ta san kanta.

Wani ya ce to a kai ta asibiti. Ta harare shi.

"Don su dawo muku da ni a naɗe a bayan mota, ku binne ni a nan ɗin dai? Kai ma da kanka kamar mai hankali. Ku kai ni Kukar Zuma. Can aka haife ni, ba kowa a can yanzu sai birai. In na ji kewa in ja su."

Kukar Zuma tafiyar yini ce cur a kan amalanke. Dabe ya miƙe tsaye.

"Inna, so kike a ce Dabe ya kai uwarsa daji ya yar? Wane irin abin kunya kike so ki bar mini?"

"Ba yarwa za ka yi ba, rakiya za ka yi."

"To ki ji. Zan kai ki, tunda kin fi ƙarfina. Amma ko a nan kika mutu ko a can, ni dai in na dawo kwashe iyalina zan yi in koma wajen surukaina. Ba zan zauna ina kallon wurin bukkarki babu ke ba."

Gabana ya faɗi, kuma na san ba ni kaɗai ba. 'Ya'yan Dabe da na ƙannen matarsa su ne rabin makarantar, kuma duk inda ya sa ƙafa nan suke sawa. Koba ta juyo gare ni. Ta ce in kunna mata lofe.

To ga mu a ranar tafiya. An gama ɗaure kaya, Dabe ya ɗauki linzami, sai na hango wata 'yar ƙafa ta leƙo daga ƙarƙashin buhunan da muka shimfiɗa a bayan amalanke. Na ja ta. Ƙaramar Koba ce, autar Dabe, takwarar tsohuwar, wadda tun da aka yaye ta bargo ɗaya suke rufa. Shekarunta ba su wuce takwas ba. Ta fito kanta duk garin masara, ta ƙanƙame hannun kakarta.

Mutane suka fara dariya, suna jiran zagin wasan da suka saba yi wa juna. Amma muryar da ta fito daga bakin Koba ban taɓa jin ta ba.

"Sauka."

"Takwara, ni zan riƙa ba ki ruwa."

"Na ce ki sauka! Kin ishe ni. Shekara da shekaru kina shurina cikin barci, kina cinye mini sukari. Yau ma ba zan huta da ke ba? Ba na son ganin fuskarki. Malam, ɗauke mini wannan abar ka kai ta aji."

Yarinyar ta saki hannun a hankali, ta sauka da kanta, ba ta yi kuka ba. Malam Kumsa ya kama hannunta suka nufi makaranta. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, tsohuwar nan ko ciwo ne ya taɓa mata kai?

"Me kuke jira? Sai na mutu a nan kun huta? Dabe, kora!"

Dabe ya ɗaga bulala, jakunan suka zabura. Biyu ne, Gwamna da Sarkin Barci, kuma duk wanda ya raɗa musu suna ya san su. Hanya ta bi ta gefen makaranta. Kai, ranar Malam ya ga ta kansa! Yara suka ɓalle ta ƙofa da ta taga, suka jeru a jikin wayar shinge suna tafi suna rera waƙar da Koba ke yi musu in za ta fara tatsuniya. Mata suka ɗauka, maza suka shiga buga ƙafa, ƙura ta tashi. Koba ta sa na tada ta zaune, ta ɗaga lofe sama tana kaɗa shi.

"Ku koma aji, 'yan iska! Kai mai kunnen jemage, na gan ka! Ke, goge hancinki!"

Suna ihu, tana zagi, ni ma ban san sa'ad da na fara tafi ba. Na duba cikin jerin ban ga ƙaramar Koba ba. Tsohuwar kuwa ba ta neme ta ba ko da wutsiyar ido.

Da muka shiga daji sai ta koma ta kwanta, ƙarfin da ta aro duk ya ƙare. Famfon garinmu inji ne ke jansa, in iska ta yi daidai ana jin bugunsa daga nesa ƙwarai. Shi Koba ta maishe ma'auni.

"Yaya, kina jin famfo?"

"Ina ji."

"To ku kora. Muddin ana jinsa, zan iya gane hanyar dawowa."

Can an jima ta sake tambaya, na sake cewa ina ji. Ta ce wa Dabe ko kunkuru ne ya haife shi. Dabe kuwa fuskarsa a murtuke, yana ta zuba wa Sarkin Barci bulala. Rana ta ɗaga, yashi ya fara zafi. Sai muka iso gindin wani tudu inda rairayi ke da zurfi, tayoyin suka nutse har rabi. Gwamna ya tsaya cak. Sarkin Barci ya duba hagu ya duba dama, ya kwanta abinsa.

Muka diro. Dabe na tono gaban taya da hannu, ni ina karyo rassa ina cusawa. Sai na lura an daɗe ba a zage mu ba.

"Ƙanwata?"

Shiru. Na hau na duba. Bakinta a buɗe, idanu rabi a rufe, lofe ya faɗi gefe. Na girgiza ta, kanta ya langaɓe. Dabe ya zo ya kama fuskarta da hannu biyu.

"Inna! Inna! Wayyo, Iya, ta tafi!"

Na tsaya na kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa, tuf, tuf, tuf. Famfo! Duk wannan wahala, duk abin da ta yi wa yarinyar nan, a ce ta mutu a inda ake jin famfo?

"Sauka ka tura!" na daka wa Dabe tsawa.

"Iya, ta mutu!"

"Ko ta mutu sai ta wuce tudun nan! Ba wanda ya gani sai ni da kai. Tura, ragon banza!"

Na fizge bulala, na kama kunnen Sarkin Barci na kwarara masa ihu a ciki. Ya miƙe a firgice. Dabe ya sa kafaɗa a bayan amalanke yana kuka yana turawa, ni ina gaba ina ja ina zagin jakunan da uwayensu da kakanninsu. Taya ta motsa, ta koma, ta sake motsawa. Muka hau tudun muna nishi, yashi na ƙona mana ƙafa. Muna kaiwa sama jakunan nan suka ga gangara, sai suka tuna su ma suna da ƙafafu. Suka ɓalle a guje!

Tabɗi! Amalanke na tsalle, tukwane na ƙara, jarka na birgima, mu biyu muna binsa a baya muna ihu. Zanena ya kama ƙaya na bar mata rabi. Ba su tsaya ba sai da suka kai wata inuwa can ƙasa, suka hau cin ciyawa kamar ba su yi komai ba. Muka iso muna haki. Dabe ya yaye bargon da ya rufe mata fuska.

Ido ɗaya ya buɗe.

"Wane ɗan banza ne ya koya muku tuƙi?"

Dabe ya zube a yashi. Dariya yake yi ko kuka, shi ma bai sani ba. Ni kam na riƙe ciki na durƙusa, hawaye na zuba, ina cewa, "Kin ci amanata, tsohuwar banza, har na fara tunanin wa zai gaji bargon nan!" Ashe suma ta yi, girgizar gangara ce ta dawo da ita.

"Yaya, famfo fa?"

Na kasa kunne sosai. Ba komai sai kukan kurciya.

"Babu."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ce a dafa mata shayi, kuma kada in yi mata rowar sukari.

A inuwar nan, Dabe ya tafi tsinto tukwanen da suka zube, na kasa haƙuri.

"Me yarinyar nan ta yi miki? Kin san abin da kika yi mata kuwa? Shi za ta riƙa tunawa har ta tsufa."

Ta kurɓi shayi, rabi ya zube a haɓarta, na goge mata.

"Ke kin san ni, Yaya. Ni mai haɗama ce. Abin da nake so ba na bari. In idona ya rufe a kan fuskar yarinyar nan, ko daga ƙarshen duniya sai na dawo na ɗauke ta. In kuma ta rabu da ni tana sona, za ta riƙa kirana, ni kuwa ba zan iya ƙin amsawa ba. Gara ta ji haushina ta girma."

Ta juya fuska wajen itace. Kafaɗunta suka riƙa motsi a ƙarƙashin bargo. Ita da ta hana kowa kuka! Na yi kamar ina gyara wuta.

Rana ta yi sanyi muka hango Kukar Zuma. Tun daga nesa Koba ta sa na tallafe ta, ta dawo kamar yarinya, tana nuna wurare da lofe. Nan uwarta ta haife ta. Can ubanta ya harbi raƙumin dawa aka yi wata ana ci. Ga inda yayarta, wato ni, ta ture ta cikin ƙaya saboda ƙwan jimina.

"Kin tuna?"

"Na tuna, kuma da za a sake sai na ƙara."

Turakun da kakanni suka kafa a jikin kukar suna nan, sun yi baƙi. Dabe ya ɗaga kai ya ga ƙudan zuma na shiga wani rami can sama. Ya kunna ciyawa ya ɗaura gatari a baya ya fara hawa, mutum mai jika! Ina ƙasa ina ihu, "Sauko, za ka sa in binne mutum biyu!" Koba kuwa tana ta ba shi umarni, hagu, dama, ba wannan turken ba, wawa. Ya sauko da ido ɗaya a kumbure da saƙar zuma cike da kwano, ya ajiye a gabanta.

Ta duba ta taɓe baki.

"Don wannan ɗan abin ka hau har sama? Ko ƙuda ba zai ƙoshi ba."

"Haka ne, Inna, ban samu komai ba."

Ta tsoma yatsa ta lasa, ta sake tsomawa. Shi kuwa yana zaune yana kallonta, fuskarsa a kumbure tana ƙyalli don daɗi. Rabon da ta sa wani abu a baki ban da shayi har na manta.

Washegari ta tashi da sauƙi har na fara tunanin ko za mu koma da ita mu ji kunya. Ta sa muka kwantar da ita a gindin kuka, bayanta na kallon Rijiyar Giwa. Ta kira Dabe ya zauna kusa da kanta.

"Ba zan ce ka yi mini alkawari ba, na san alkawarinku. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka samo babbar 'yarka a daji, kai ka goyo ta ko wani?"

"Ni ne."

"Da nauyi?"

Dabe ya kau da ido. Ya zauna yana zana ƙasa da tsinke. Ta jira, ta jira, sannan ta ce ya tashi ya ba ta wuri, yana tare mata iska.

Na hura wuta na ɗora ruwa. Ina buɗe ledar sukari na ga saura ɗan kaɗan a gindi.

"Ke ƙanwata, ɓera ne ya shiga ledar nan ko ke ce? Sukarin mutum goma kin lashe shi a yini ɗaya. Yau shayi ba daɗi za ki sha, in kin ga dama ki kai ƙara."

Ban ji an tanka ba. Koba ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba tun da na san ta. Na juya. Tana kwance yadda muka bar ta, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci, ƙudan zuma ɗaya na yawo a kan yatsanta.

Wannan karon ba gangarar da za ta dawo da ita. Na yi kuka, na yi kuka har muryata ta dushe, don ba wanda zai sake ce mini Yaya. Dabe ya kifa kansa a jikin kuka ya daɗe.

Muka tona rami a inda ta nuna, shi da shebur, ni da sandar tono. Muka naɗe ta a bargonta, gwiwoyi a ƙirji, muka sa mata lofe da ragowar taba. Na barbaɗa garin ƙamshi. Muka jibga ƙaya mai yawa a sama saboda kuraye. Sannan na tsaya a kanta na yi mata magana yadda ake yi.

"Ga wurinki nan. Ga kukarki, ga zumarki, ga uwarki da ubanki. Ki zauna. Kada ki biyo mu, kada ki nemi kowa."

Muka ɗaura reshe a bayan amalanke yana share sawunmu, muka bi ta wata hanya mai zagaye don kada ta gane. Tafiyar ta yi tsawo har muka kwana a daji. Dabe bai yi magana ba sai sau ɗaya.

"In mun isa kada ki kwance jakunan, Iya. Kaya kawai zan ɗora."

Ƙarfin faɗa ya ƙare mini. Zuciyata ta yi nauyi, ina tunanin an yi duk wannan a banza.

Da hantsi muka faɗo tsohuwar hanyarmu, daidai gindin tudun da muka maƙale. Ga rassan da na cusa, ga ramin da Sarkin Barci ya kwanta. Famfo na bugawa can nesa. Sai Dabe ya ja linzami da ƙarfi ya diro. Ya tsuguna yana duban ƙasa. Na sauko na tsaya a bayansa.

Sawun yaro ne, ƙafa ba takalmi, ɗan yatsan hagu ya ɗan karkace waje. Duk garinmu ba wanda bai san wannan ƙafar ba, ta ƙaramar Koba ce. Ya kwana biyu, buzuzu da zabi sun bi ta kansa, amma yana karantuwa sarai. Ta biyo tsakanin layin tayoyinmu da gudu, taku mai nisa, yatsu kawai ke taɓa ƙasa. Tun daga gari har nan, ita kaɗai, a ranar nan mai zafi.

Muka bi shi zuwa saman tudu. A nan ta tsaya. Daga nan ana hango inuwar da muka sha shayi, ƙafa kaɗan ce ta rage mata. Ga inda ta durƙusa, ga gurbin gwiwoyi biyu sun nutse sosai, ta daɗe a wurin. Ga inda ta damƙi yashi da hannu.

Dabe ya zagaya wurin yana neman sawun babba, na Malam ko na uwarta. Babu. Ba wanda ya zo ya mai da ita.

Sai ga sawun ya juya. Taku gajere, tana jan ƙafa. Muka koma muka kama jakuna muka bi shi a ƙasa, ba wanda ya hau amalanke. Sau biyu ta tsaya ta waiwayo, dugadugan sun nuna. Bayan nan ba ta sake tsayawa ba.

Muka yi ta tafiya har hayaƙin gari ya bayyana, bukka-bukka, kowace da nata. A mararraba, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya zuwa gidaje ɗaya zuwa makaranta, Dabe ya sake tsayawa. Sawun bai bi ta gidaje ba. Ya miƙe ta hanyar makaranta, kuma a kansa ga wani na jiya, ga wani na safiyar yau, ƙafa ɗaya ce, cikin tarin ƙananan ƙafafu. Iska ta kawo mana muryoyin yara suna bin Malam karatu baki ɗaya.

Dabe ya daɗe a tsaye. Ya goge fuska da bayan hannu.

"Iya."

"Na'am."

"In mun isa ki kwance su. Ki ba su ruwa, sun gaji."

Ya kama linzamin Gwamna ya janye jakunan daga kan hanya zuwa cikin ciyawa da ƙaya, inda tafiya ta fi wuya. Amalanke ya karkace, tukwane suka yi ƙara. Haka muka shiga gari ta gefe, a hankali, tayoyin na wucewa nesa da sawun.